Yadda Za Ka Shirya Tsallaka Teku Kai Kaɗai Bayan Council Ta Sallame Ka

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan kana cikin waɗanda council, wato ƙaramar hukuma, ta sallama daga aiki a wannan zamani na tsuke bakin aljihu, kuma bakinka ya yi nauyi ka gaya wa matarka, ga mafita. Bi matakan nan shida, na ba ka tabbaci ba za ta tambaye ka labarin aiki ba ko sau ɗaya. Ni Dalyop na unguwar Lozells, nan ƙasar Turawa, nake gaya maka. Wata biyar na yi ina shirin tsallaka tekun Atlantika ni kaɗai a kwale-kwale, kuma ko dunduniyata ban jiƙa ba.

Mataki na 1: Nemi inda za ka wuni

Fita ƙarfe bakwai kamar kullum, da taye, da kular abinci. Kada ka nufi library, ɗakin karatu, ita ma an rage mata awoyi, kafin azahar za a koro ka. Shiga gym, gidan motsa jiki. A can lungu akwai injin koyon tuƙin kwale-kwale da ba mai hawa. Zauna, ja, saki, ja, saki. Za ka wuni kana gumi ba ka je ko'ina ba, ka ga bambancinsa da ofis ba yawa.

Mataki na 2: Idan hannu ya tona ka, yi babbar ƙarya

Kafin sati biyu tafin hannunka zai yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Matata Rhoda ta riƙe nawa wajen addu'ar abinci, muna cewa amin ta ce wai wane irin biro ne council ke raba wa ma'aikata yanzu.

A nan kada ka kuskura ka yi ƙaramar ƙarya, ita ake bincika. Na tuna hoton wani Bature a bangon gym, gemu buzu-buzu cikin ɗan kwale-kwale. Na ce mata teku zan tsallaka ni kaɗai, council ma ta ba ni hutu in yi shiri. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce to, Allah ya kai lafiya, ta ɗauko man kaɗanya ta shafa mini.

Mataki na 3: Haddace wahalar

Za a yi maka tambayoyi, saboda haka karanta. Mil dubu uku ne. Awa biyu tuƙi, awa biyu barci, haka har wata biyu ko uku. Bayan gida bokiti ne. Gishiri zai ci mazaunanka har zama ya gagare ka. Igiyar ruwa ta kai bene, dole ka ɗaure ƙugunka a jikin kwale-kwalen, domin in ka faɗa ba mai juyowa ya ɗauke ka. Faɗi duk wannan a hankali kana kallon nesa.

Sai kaɗaici, wanda masana suka ce ya fi ciwon jiki, har mutum ya fara hira da bokitinsa. Wannan ba ka buƙatar horo. Ci abincin da matarka ta dafa wa ma'aikaci a kan bencin park, kana ɓuya kada ɗan coci ya gan ka. Kunyar nan ta ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Idan a wannan lokaci matarka ta fara ƙara awoyin aiki a gidan kula da tsofaffi inda take aiki, kada ka tambayi dalili. Ɗan wasa ba ya raba hankalinsa biyu.

Mataki na 4: Burge surukinka, amma da awo

Yayan Rhoda, Gamaliel, nas ne a Manchester, bai yarda da komai ba sai ya gwada. Ya taso daga unguwarsu Withington takanas, ya auna jinina, ya matsa damtsena, ya tambaye ni ina mai tuƙi yake fuskanta. Na ce Yaya, baya yake juya wa inda za shi, inda ya baro yake kallo. Amsar daidai ce, kuma ita ta kashe ni. Ya rungume ni, ya ce shi da kansa zai yi mini rakiya a motarsa har bakin ruwa. Kafin ya isa gida duk cocinmu sun ji.

Mataki na 5: Karɓi saƙon kowa

Ga abin da Baturen hoton bai taɓa gamuwa da shi ba. Mutanenmu ba sa jin mutum zai gifta ta gefen Afirka su bar shi ya tafi hannu wofi. Za ka bayyana musu cewa daga tsibiran Canary za ka tashi, Karebiyan ka nufa. Za su ce ai Canary bayan gida ne, ɗan ratsewa kawai za ka yi.

Mama Scholastica ta kawo microwave a kai wa 'yarta a Bukuru, kusa da Jos. Na ce Mama, teku bai kai Jos ba. Ta ce in ajiye a Legas wurin ƙaninta, zai sa a mota. Hajiya Mariatu ta unguwar Small Heath, abokiyar aikin Rhoda, ta aiko akwati biyu zuwa Kumasi, ta ce ba nauyi, takalma ne kawai. Kada ka ƙi na kowa, wanda ka ƙi nasa shi zai fara bincike. Falonmu ya cika har sai da gefe ake wucewa. Fasto kuma ya sa ranar Lahadi don addu'ar sallama.

Mataki na 6: Karɓi na ƙarshe

Ranar Asabar da safe ina zaune a kan microwave, ina tunanin ciwon da zan ƙirƙira kafin gobe, Rhoda ta fito da shirin aiki. Ta ce ita ma tana da saƙo, ta miƙo mini ambulan. A ciki akwai takardar neman aikin kicin a gidan tsofaffin da take aiki, da wasiƙar sallama ta council mai sunana.

"Baban Clara, tun watan Maris suka aiko kwafinta gida," in ji ta. "Jira nake ka gaya mini da bakinka."

A lokacin na ga hannun da ya miƙo ambulan ɗin. Duk ya tsattsage saboda wanki da ruwan bilic, har gaɓoɓin yatsun sun yi jini. Wata biyar ina nuna wa duniya kantata, ban taɓa juya nata na duba ba. Na tashi na ɗauko gwangwanin man kaɗanyar, sai na tarar duk ya ƙare a hannuna.

Washegari na tsaya gaban coci na faɗi gaskiya. Gamaliel ya yi rakiyar da ya yi alkawari, gida-gida, muna mayar da kaya.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya samu ciwon baya, ko fushin suruki, ko Mama Scholastica ta daina amsa gaisuwarsa, babu hannuna a ciki. Kada a neme ni, ina kicin daga shida zuwa biyu. Amma tabbacin da na ba ka yana nan daram. Ni ma Rhoda ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya.