Gemun 'Yan Wasan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Alhamis ɗin da na musuluntar da ƙattin Turawa kusan arba'in a wata gonar dabino da ke Al-Awali, alhali ko ɗayansu bai san ana yi ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a sashen Hadisi na jami'a a Madina, wajen ƙarshen shekarun 1990. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Malam Sani, ɗan Najeriya da ke koyar da mu, zai rubuta wa ɗalibi ɗaya tak takardar shaida don a ɗauke shi digiri na biyu, sauran kuma kowa ya ɗaure kayansa ya nufi gida. Ni ban shirya barin Madina ba, don haka kullum ina neman abin da zan yi Malam ya ga ƙwazona.

Ina da aboki, Idris, Bature ɗan Kanada da ya musulunta, Larabcinsa yana ɗingishi amma yana isa inda za shi. Ƙaninsa ya aiko masa da kaset-kaset na bidiyo ta hannun wani mai Umara. Tunda babu talabijin a ɗakunan ɗalibai, sai muka kwashe su zuwa Al-Khalidiyya, gidan Ammu Bakur, wani dattijo Bahaushe haifaffen Madina, wanda kakansa ya tako da ƙafa daga Kano.

Wasan hoki ne na kan ƙanƙara, kuma wallahi ban gane komai ba. Mutane na sulɓi a kan takalma masu wuƙa, suna bin wani ɗan baƙin faifai da idona bai taɓa kamawa ba. Sai dai in ga Idris ya miƙe tsaye, in san an ci. Ya yi mana bayani cewa wasan ƙarshe ba ɗaya ba ne, ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sau bakwai, wadda ta fara cin huɗu ta ɗauki kofi. Kofin kuma ya haura shekara ɗari, ana sassaƙa sunayen masu nasara a jikinsa. Ammu Bakur ya zuba mana shayi ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, mutum yana da ƙasa busasshiya ya je ya nemi faɗuwa a kan ƙanƙara.

Mai sharhin kuwa Turancinsa gudu yake kamar an biyo shi. (Na riga na gaya wa kowa cewa na iya Turanci, saboda haka kunya ta hana ni cewa ban ji ba. Sai gyaɗa kai kawai.)

Da kunne ya gaza, sai ido ya shiga aiki. Na lura a farkon gasar haɓar 'yan wasan fes take, amma kafin wasan ƙarshe kowa ya tara gemu, wani har ya fi nawa. Jikinsu a rufe ruf, ba kamar 'yan ƙwallonmu masu cinya a waje ba. In an gama kuma sai su jeru sahu biyu suna musafaha. Akwai kaset ɗaya na tarihin gasar, na ga tsofaffin hotuna babu gemu, na baya-bayan nan kuwa gemu ko'ina. Nan fa na ce a raina, ashe Musulunci na ratsa ƙasar nan ba a ba mu labari ba! Idris yana zaune kusa da ni, gwiwarsa na taɓa tawa, amma ban tambaye shi ba, don kada wani ya riga ni kai wa Malam.

Duk Alhamis bayan La'asar ɗaliban Najeriya kan taru a gonar nan, mutum ɗaya ya yi jawabi a gaban Malam. Na roƙa aka ba ni mako mai zuwa, na gayyaci Ammu Bakur, na kuma jawo Idris a matsayin shaida.

Na yi minti ashirin ina zuba. Na bi tarihin gasar daga zamanin aski zuwa zamanin gemu, na kawo sutura, na kawo musafaha. Har sunayen jikin kofin na ce alama ce ta mutanen da suka san darajar kiyaye silsilar maruwaita. Wasu suka yi kabbara. Idris bai jin Hausa, amma duk sanda na nuna shi sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ni kuma in ƙara ƙaimi.

Da na zauna, Malam ya juya wajensa, ya tambaye shi da Larabci a hankali ko a hannun wa waɗannan 'yan wasa suka karɓi shahada.

Idris ya dube shi, ya dube ni. "Waɗanne 'yan wasa, ya Shaikh?"

Aka fassara masa jawabina kaf, ina ji. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shi dai bai san wanda ya musulunta a cikinsu ba. Gemun nan camfi ne, sun ɗauka in mutum ya yi aski a tsakiyar gasa za a fitar da ƙungiyarsa, kuma da an gama sai reza. Sannan gaskiya ta ci shi ya ƙara da cewa kofin ma, in sun ci, giya suke zubawa a ciki su sha.

Ammu Bakur ne ya fara magana, yana kallona. "Ya waladi, esh hada? Ɗana, mene ne haka? Kwana huɗu kana shan shayina kana gyaɗa kai, ashe kai ma ba ka fahimta, zayyi ni, kamar ni dai?"

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda suka yi kabbara, su ma don su wanke kansu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona sai kan ƙwallayen dabinon da ke gabana. Malam bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Ɗana, shekara huɗu muna koya maka binciken maruwaitan da suka rasu tun ƙarnoni. Ga naka a raye kusa da kai, ba ka tambaye shi ba."

Takardar kuwa, wani ɗan Sakkwato aka ba, kuma ya cancanta. Ni na ɗaure kayana, na yi kuka a hanyar filin jirgi, na dawo gida na kama koyarwa. Darasi kam na ɗauka, tambaya ɗaya da na ji kunyar yi ita ta raba ni da Madina. Har gobe in na ga mai gemu nakan gaishe shi da girmamawa, amma ba na yi masa shaida sai na bincika ko ƙungiyarsu na cikin gasa.