Rasuwar Inna, Kwamfutar da Jeri Ya Kashe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, mai kula da kwamfutocin kamfanin kai kaya yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Inna, tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfanin. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara tara, a ɗan ɗakinta na ƙarƙashin matakala.

Marigayiyar mai haƙuri ce. An ɗauke mata wuta ba adadi, an ɗora mata kofin shayi a ka, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Iyakarta ta ce "wuuuu", in abin ya ishe ta ta ƙara da "ƙir-ƙir-ƙir".

Jeri ne ciwon ajalinta. Kullum da safe sai Manaja ya sa ta jera sunayen masu karɓar kaya miliyan biyu, daga A har Z, na bana da na shekarun baya, alhali ashirin na sama kaɗai yake dubawa. Baiwar Allah ta kwaso su kaf, ta zube, ta bi tana tsinta ɗaya-ɗaya, direbobi na tsaye a rana suna zaginta. Gobe kuma a sake daga farko.

Sau huɗu mai kula da ita yana roƙon a ba shi yini guda ya yi mata fihirisa, wato jerin da ake tsarawa sau ɗaya a ajiye, ta riƙa miƙa hannu kawai tana ɗauko abin da aka nema. Manaja ya ce shi ma ya yi makaranta, fihirisa a bayan littafi take, kada a raina masa hankali. Sai ya sa aka ƙaro mata fanka. Wannan magana har yau tana ci wa mai kula da ita rai.

Ta rasu ta bar firinta biyu masu buga takardu, da direbobi sha ɗaya da ba su san inda za su nufa ba, da shi mai kula da itan, wanda aka miƙa wa takardar tuhuma tun gawa ba ta huce ba.

Za a kai ta makwancinta a sito ranar Laraba da ƙarfe biyu. Ana karɓar gaisuwa a teburin mai kula da ita har zuwa Juma'a, ranar da kwamiti zai zauna ya gano wanda ya kashe ta. Masu niyyar zuwa su hanzarta, domin Manaja ne shugaban kwamitin.