Jakin Salifu Ya San Hanya

"Ina kwana, 'yar sata?"

"Lafiya lau, mai rabin ƙoƙo. Ashe kana da rai?"

Ina jingine da dangarmu na ji su. Salifu ne, mai amalanke, da taubashiyarsa Zubaida. Wata huɗu ke nan da lokotoro ya ce masa hantarsa ta gaji, in bai bar burkutu ba, ya yi sallama da 'ya'yansa. Ya bari. Jakinsa ne bai bari ba: duk ranar kasuwar Kanan-Bakaché, in an zo mararraba, shi da kansa yake karkata zuwa gidan da ake dafawa. Da Zubaida ta ji, sai ta kwance jakin, ta ɗaure masa nata na ɗibar ruwa.

"Jakina na zo karɓa," in ji Salifu. "Naki tafiyar tsohuwa gare shi, kamar mai shi."

"Tsohuwar dai ta kai ka gida kana ganin hanya ɗaya, ba biyu ba."

"Ni fa da can rabin ƙoƙo kawai nike sha bayan tuwo. An ce Nasara ma haka suke yi, wai yana wanke zuciya."

"Ya wanke maka, har idonka ya koma launin ɗorawa! Rabin ƙoƙonka ko akuya ta faɗa ciki sai an sa guga."

"Ƙarya kike, mai haƙori uku."

"Huɗu ne, makaho. Yanzu mi kake sha bayan tuwo?"

Ya sunkuyar da kai. "Fura."

"Ta wa?"

"Ta wata mummuna. Tsami ya yi mata yawa."

"Amma kwanon kullum a lashe yake dawowa."

Ya murza hularsa. Can ya ce, "Jiya na ɗauki buhun wake ni kaɗai, Zubaida. Ban tsaya hutawa ba."

"To in kwanto maka jakin? Ga shi can. Gobe kasuwa."

Salifu ya leƙa turke. Jakin ya ɗaga kunne ya yi kuka, kamar ya ga abokin shansa. Sai dariya ta ƙwace wa Salifu.

"A'a, riƙe shi. Ɗan banzan bai tuba ba tukuna. Ga buhun waken nan a ƙofa, ki ci ki ƙara muni."

"Sauke shi a hankali, ragon namiji. Allah shi ƙara lafiya."