Ƙwarangwal a Banɗakin Nababa

"Ka gan ni nan? Duk unguwar Bin Mahmud babu mai idon ado irina. In na ƙawata gida, ko otal ɗin bakin teku na Corniche sai ya ji kunya."

Abin da Nababa ya gaya mini ke nan, yana bubbuga ƙirji kamar shi ya gina Doha. Maƙwabcina ne, ƙofofinmu na kallon juna. Direba ne a wani kamfani, amma in ka ji shi yana cika baki sai ka rantse shi ke ba mai kamfanin shawara. Ya yi aure a Gusau gab da zuwan korona, aka rufe hanyoyi, amarya Nasiratu ta zauna gidan ubanta. Da aka buɗe, uban nata, Alhaji Mu'azu, ya ce ba zai bar 'yarsa a ƙasar mutane ba sai ya ga gidan da idonsa. Gasar Kofin Duniya ta zo, Alhaji ya samu katin shigowa, ya aiko cewa suna tafe shi da ita. In gida ya yi masa, ta zauna. In bai yi ba, jirgin da ya kawo su shi zai mayar da su.

Mai hankali da ya share ɗaki, ya sayi labule, ya cika firiji. Amma gogan naka ya taɓa leƙa gidan wani Bature da yake tuƙawa, ya ga adon da suka yi a ƙarshen Oktoba, shi ke nan ya yanke hukunci cewa haka manya ke ƙawata gida in sanyi ya kusa. Da ya tarar ana neman kai da ragowar kayan a wani kanti a Al-Sadd, sai ya kwashe su kaf.

Na shiga na ga abin, na ce, "Nababa, wannan fa kayan bikin tsoratar da yara ne, kuma bikin ya wuce."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Sharafa, kai da ƙauyanci kun ƙulla amana. Wannan shi ake kira dekoreshan. Yalla, maza riƙe mini tsani."

Na riƙe masa, don ni ma ina son ganin ƙarshen abin. Ya shimfiɗa yanar gizo-gizo ta auduga tun daga fanka har kan talabijin, ya liƙa mata gizo-gizon roba baƙaƙe ƙirin. Ya cire farin ƙwan lantarki ya sa ja. Ya sayo kabewa manya-manya, ya rarake su, ya yi musu idanu da haƙora, ya dasa kyandir a ciki. Sarkin Ado bai yi tunanin cewa in ya tafi aiki na'urar sanyaya ɗaki a kashe take ba, kuma zafin Doha ba ya jin kunyar Nuwamba. Kafin baƙi su iso, kabewa ta fara zubar da ruwa, bakinta ya karkace, ƙudaje suka mayar da falo masauki. Maganin da ya gani shi ne ya banka turaren wuta, wari da ƙamshi suka haɗu suka haifi abin da hanci bai san sunansa ba.

Ranar da suka sauka, da hantsi, na raka shi filin jirgi. A mota bakinsa bai rufu ba.

"Baba, ku shirya. Abin da za ku gani, ko a Abuja sai gidan minista."

Alhaji ya ce, "To, Allah ya sa mu ga alheri."

Aka buɗe ƙofa. Alhaji ya fara sallama, bai ƙarasa ta ba. Ya ja gefen rawani ya toshe hanci. Nasiratu ta ɗaga kai ta ga yana ta lulluɓe rufi, kunya ta kama ta, ta ajiye jaka ta hau neman tsintsiya tun ba ta cire mayafi ba.

Nababa ya yi tsalle ya tare ta. "Kul! Kada ki taɓa! Saye na yi."

Alhaji ya juyo a hankali. "Me ka saya?"

"Yanar, Baba. Daga waje ake kawo ta."

"Yanar da muke biyan yara su kakkaɓe a rumbu, ita ka saya?"

"Ai wannan ta daban ce, Baba. Ta manya ce."

Alhaji ya waiga. Idonsa ya sauka kan kabewoyin da ke jere a tebur, suna washe masa ruɓaɓɓun haƙora, wuta na ci a cikinsu da rana tsaka. Ya matsa baya taku guda, ya jawo 'yarsa kusa da shi. Na ga leɓɓansa sun fara motsi, na san ba yabon ado yake yi ba.

"Waɗannan kuma su wane ne?"

"Kabewa ce, Baba."

"Na san kabewa, da ita aka yaye ni. Tambayata ita ce wa kake kunna wa wuta a cikinta?"

Nan ya kamata dolon ya durƙusa ya nemi afuwa. Ina! Sai ya gyara hula ya ce, "Baba, ku dai ku yi alwala ku huta, ai ba ku ga babban ba tukuna."

Gaskiya ya faɗa, ba a ga babban ba. A bayan ƙofar banɗaki ya rataye ƙwarangwal na roba, tsawon mutum, mai batir, wanda da ya ji motsi sai idanunsa su kama da wuta ya fashe da dariya. Alhaji ya ɗauki buta ya shiga ya turo ƙofa. Sai muka ji wata dariya kamar daga kabari, muka ji salati, sannan muka ji buta na sauka a kan roba, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Dattijon da ɗazu sai da aka taimaka masa ya hau lifta, sai ga shi ya fito a guje, rawani a warware, takalmi ɗaya a ƙafa, ƙashin hannun ƙwarangwal maƙale a babbar rigarsa. Daga ciki abin bai daina dariya ba.

Alhaji ya nuna Nababa da buta. "Faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Wace ƙungiya ka shiga? Wa suka ce ka kawo musu? 'Yata?"

Nasiratu ta fashe da kuka. Nababa ya zube ƙasa, bakin nan mai zuba ya bushe ƙamas. "Wallahi Baba ado ne! Sharafa, don Allah gaya musu!"

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai ɗan nan, da alama kana da natsuwa. Matsafi ne?"

Na ce, "Alhaji, na rantse ba matsafi ba ne. Kayan wasan yaran Turawa ne ya gani ya kwaso. Na hana shi, ya ce ni baƙauye ne."

Alhaji ya zauna a hannun kujera, ya dubi surukinsa. Tausayin tsohon ya kama ni, don ya yi doguwar tafiya ya zo ganin inda zai ajiye 'yarsa, ga abin da ya tarar. Can ya nisa ya ce, "Na so a ce tsafin ne. Da na tara malamai an yi masa addu'a ya warke. Wannan wautar kuwa da ita aka haife shi."

Nababa ya ɗago kai, murya ƙasa-ƙasa. "To Baba, Nasiratu fa? Za ta zauna?"

"Za ta zauna," in ji Alhaji.

Sai ga shashashan ya fara murmushi, har ya waigo yana kashe mini ido, wai ado ya yi aiki.

Alhaji ya ce, "Rufe bakinka. Ba mata na bar maka ba, mai gadi na bar maka. Mutanen ƙasar nan ba su yi mana laifin komai ba da za mu sakar musu kai ba mai tsaro."