Rakodar da Ta Mutu a Jakar Munir

Da zuciya cike da baƙin ciki, Malam Mainassara, ɗan Magariya mai koyarwa a jami'a, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rakodarsa mai cin kaset, wadda ta cika a cikin jakar Munir, ɗan yayarsa Mairama.

Marigayiya ta zo hannunsa tun yana ɗalibi. Ta hau moto, wato babur, ta hau amalanke, ta sha ranar Yekuwa da ruwan Dungas. Ba ta taɓa ƙara wa mutum magana ba, ba ta taɓa rage masa ba. In tsoho ya yi tari, da tarin za ta dawo. A danna ta, ta ce ƙas, ta kasa kunne. Kaset ya ƙare, ta sake cewa ƙas. Iyakar surutunta ke nan a duniya.

Ciwon ajali ya soma ne bara. Munir yana rubuta memuwar, littafin kammala karatu, kuma sai kawun nasa ya sa hannu kafin ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Ya ce zai je jin ta bakin masu haƙar rijiya a ƙauyukan Yekuwa. Malam ya sa wa marigayiya sababbin batura da hannunsa, ya damƙa masa ita. Bayan damina sai ga yaro da littafi mai kauri, hirarraki reras, Faransanci kamar an bi shi da dutsen guga. Malam ya soma karatu da murna, murna ta koma ciki. Masu haƙar rijiya duk bakinsu ɗaya, suna magana irin ta manyan taro, ba mai rantsuwa, ba mai kukan ciwon gwiwa. Har da tsoho Illa mai rijiya yana ba gwamnati shawara kan sauyin yanayi, mutumin da Malam ya bi sallar gawarsa tun Munir bai shiga jami'a ba. Tir!

Da aka nemi kaset, yaro ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya miƙo jaka. Batura sun fashe sun cinye mata hanji, kaset kuwa yana cikin ledarsa ko yagewa ba a yi ba. Ashe gogan bai wuce tashar Magariya ba. A fada, majalisar samari, ya zauna yana shan shayi, ya ce wa manhajar wayarsa ta ƙirƙiro masa tsofaffi, ta ƙirƙiro. Sunan Illa ma a tsohon aikin kawunsa ya tsinto shi.

Malam ba ya gaba da manhajar nan. Shi ma tana gyara masa Faransanci, kuma yakan faɗi hakan a rubuce. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne a cusa wa mamaci magana a baki, a kawo wa kawu ya sa hannu. Yaya Mairama, wadda ta goya Malam ɗin a bayanta, ta zo har ɗaki ta ce wa zai sani, ai Illa ba zai tashi ya kai ƙara ba. Wannan maganar ta fi littafin ɓata masa rai.

Marigayiya ta bar akwatin kaset mai cike da muryoyin mutanen gaske, da igiyar ratayawa, da ɗalibai masu yawa da suka taka ƙasa da ita. Munir ba ya cikin magada.

Za a binne ta ranar Alhamis da hantsi a bayan gidansu na Magariya, daidai lokacin da aka sa Munir zai kare littafinsa, tunda Malam bai sa hannu ba, lokacin ya zama babu kowa a kansa. Zaman makoki a zaure ne, kada masu gaisuwa su shiga cikin gida. Yaya Mairama ta aiko cewa ba za ta zo wannan jana'iza ba, kuma in tata ta zo, kada a ga Malam a wurin.