Yadda Mitar Manya Ta Cinye Min Jakunkuna a Shiling

Ranar Talatar nan muka ƙulla magana da wata Laoban a Shiling ta ƙasar China, garin da duk inda ka juya jaka ce ke kallonka. Laoban, ga wanda bai taɓa zuwa nan ba, ita ce mai shago. Jakunkunan mata ɗari uku suka rage mata, masu wani launi da na rasa sunansa, ya wuce ruwan goro amma bai kai ja ba. Na ce ta ajiye min su zuwa ƙarfe huɗu, in nuna wa uwar ɗakina su ta bidiyo. Ta ɗaga yatsu huɗu, ta nuna agogon bango, sannan ta nuna Moussa da ke zaune kan kwali yana shan shayinta. Ban nemi tafinta ba. Huɗu na bugawa, kaya sun zama na Moussa.

Moussa ɗan Maraɗi ne, maƙwabcina a Panyu. Mota ɗaya ta kawo mu, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, amma in an zo kan kaya ba ya sanin kowa. Uwar ɗakin tawa kuwa Hajiya Rekiya ce a Kano, wadda ba a saya mata launi da ka. Sai ta gani da idonta. Kuma ba ta ɗaga waya kafin takwas na safe, wato uku na yamma a nan. Awa ɗaya tak gare ni.

Uku na yi na zaro waya. Waifai ɗin shago ya kama, sandunansa a cike kamar an zana su. Na kunna 'yar manhajar nan da kowannenmu ke bi ta cikinta kafin ya kira gida. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta ƙi shiga.

To, ni ban wuce aji uku ba, amma a fannin lallashin waya manyanmu na gida sun ba ni ilimi kyauta, Allah ya saka musu. Na kashe na kunna. Na sa alamar jirgi na cire. Na goge waifai na sake buga lambar sirri, takwas sau takwas. Na zare layi na goga a hannun riga na hura masa iska. Da duk wannan ya ƙi, na koma ga maganin gargajiya: na hau kujera na ɗaga waya sama ina zagayawa da ita. Masu ɗinki suka tsayar da keke suna kallona. Laoban ta leƙa silin, ko wani abu na gani.

"Meiyou?" in ji ta, wato babu.

"Meiyou," na ce.

Na san wani zai ce, me ya hana ka ari wayar wani? Wannan bai taɓa kasuwa ba. Lambar Hajiya ta shiga wayar Moussa, gobe shi ne wakilinta. Ta shiga ta Laoban, jibi su biyun suna gaisawa ba tare da ni ba. Gara in ba mutum makullin ɗakina.

Moussa ya miƙo hannu. "Kawo in gani, Alhaji."

Ya kalli fuskar wayar, ya kalli bango, ya sake kallon wayar. Sai ya miƙo min abata, ya gyara zama, ya ce a hankali, "Ikon Allah. Wai ku ma can Najeriya haka rezon, wato sabis ɗin waya, yake?"

Jama'a, kun san akwai tambayar da in aka yi wa mutum kamar an sosa masa inda ke ƙaiƙayi.

Na ce, Moussa, zauna ka sha labari. Shekarun baya aka zo kasuwarmu da rumfuna da makaɗa, za a ƙaddamar da intanet kyauta ga talaka. Ranka-ya-daɗe Mai Yanka Zare ya yanka zare. Ranka-ya-daɗe Mai Riƙe Masa Almakashi ya yi jawabi. Aka kafa ƙarfe dogo, aka ɗaura masa akwati mai ƙyafta ido. Da taro ya watse muka tambayi lambar sirri, aka ce tana wurin Mai Girma, kuma ya yi tafiya. Har yau bai dawo da ita ba. Amma in faɗi gaskiya, ƙarfen yana da inganci, mai lemo na ɗaure lemarsa a jiki.

"Subhanallahi," in ji Moussa, yana zuba min shayi. "Daga nan fa?"

Na ce daga nan sai kwamiti. Aka kafa na binciken dalilin da ya sa kira ba ya shiga. Suka zauna wata shida, suka gano cewa jama'a ne suka cika kira. Kai, akwai basira a ƙasar nan tamu! Ka kwana biyu a layin mai, ka ce bari in sanar da gida ina raye, sai wata baiwar Allah ta amsa daga cikin wayar ta ce lambar matarka ba ta wanzu. Matar da ka bari tana tankaɗe.

"Kai, Alhaji, kun ga rayuwa. Ba manyan nan naku ne suka zo nan bara ba?"

Na ce su ne! Mutum goma sha bakwai, wai sun zo koyon yadda ake sadarwa. Ni na raka su. Kwana tara, ba mu taka ko ƙofar wani kamfanin waya ba, amma babu shagon labule da tayil da bai san mu ba. Shugaban tawaga ya tambaye ni ko ana samun kujerar da ke tausa da kanta. Na ce ana samu, ranka ya daɗe. Ya ce to a saka a rahoto.

Ina cikin kwaikwayon tafiyar shugaban tawaga, har da ɗaga babbar riga, sai na ji Laoban ta ƙwanƙwasa tebur. Ta nuna bango. Huɗu daidai. Moussa ya ajiye kofi, ya tashi, ya ce mata "Xiexie," wato na gode, ya karɓi alƙalamin rubuta suna a kwali.

Sai da ya rubuta sunansa a na farko sannan ya waiwayo. "Af, Alhaji. Wayarka ƙarfe nawa take cewa?"

Na ce, "Tara na safe mana. Lokacin Kano ne."

Abin da ya faru shi ne, ranar Litinin na kira Hajiya da hantsin nan, ashe can tsakar dare ne. Ta wanke ni tas. Don kada in sake, na shiga cikin wayar da hannuna na mayar da agogonta baya awa bakwai. A ganina dabara ce.

Moussa ya ce, "To ai 'yar manhajar nan ba ta yarda da wayar da agogonta ya saɓa da na duniya. Ka bar ta ta saita kanta."

Ya danna wuri ɗaya. Agogo ya yi tsalle ya dawo China. Kira ya shiga tun kafin in gama salati.

"Nababa, ina kayan?" in ji Hajiya.

Na juya mata wayar. Ta ga jakar a hannun Moussa, ta buga tafi. "Wannan launin! Shi nake nema tun azumi! Kwashe min duka!"

Na ce, "Hajiya, sabis ba kyau," na kashe.

A mota na ce masa, "Tun uku da kwata ka gani, ko?"

Ya ce, "Na gani. Amma kana ba da labari, Alhaji. A gidanmu ba a katse babba."

To ga yadda aka tashi. Laoban ta sayar da kayanta. Moussa ya samu jakunkuna, ya haɗa da wasan kwaikwayo kyauta. Ni na rasa kaya, kuma Hajiya ta ce sai ta yi tunani a kaina. Amma waɗanda suka fi kowa riba su ne Masu Girma na gida: a karon farko tun da nake, an tuhume su da laifi an samu ba su suka yi ba. Don Allah kada wanda ya gaya musu. Yanzu sai su haɗa tawaga su zo karɓar lambar yabo, kuma ni za a ce in raka su.