Gwanin Damben Silima

Wani ne ɗan Wudil, masinja a wani ofis a Kano. Shekarar da aka raba wa ma'aikatan gwamnati kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ya shiga silima, ya ga 'yan Caina suna jibgar juna da ƙafa. Kallo uku ya yi, ya dawo gida ya ce shi kam ya gama koyo.

Ya rataye buhun gero a tsamiyar ƙofar gidansu. Ya ja da baya, ya kurma ihu irin na fim, ya kai masa shuri. Buhu ya tafi, ya dawo, ya kwashe shi sai cikin kwata. Ya tashi yana karkaɗe wando, ya ce wa 'yan kallo darasin farko ke nan, koyon faɗuwa. Wata guda yana kan darasin nan, bai wuce shi ba.

Amma fa baki, sai wanda ya ji. Ran Juma'a, kasuwa ta cika, ya je ya tsaya gaban tukubar Isyaku mahauci, wanda shekara goma ba a taɓa kai shi ƙasa a dambe ba. Ya ce damben hannu aikin ƙauyawa ne. Ya juya wajen Rabi'atu mai fura, wadda yake nema da aure, ya rantse in bai shimfiɗe Isyaku da shuri ɗaya ba, kada ta ƙara amsa sallamarsa. Rabi'atu ta ce ta ji, ga kuma shaidu.

Isyaku ko ɗagowa bai yi daga juya tsire ba. Ya dai tuna masa ƙa'ida: duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, nasa ya ƙare.

"Gaya wa gwiwarka," in ji gogan.

Da kaka ta yi aka buɗe fili. Makaɗa suka ɗauka, Isyaku ya naɗe hannu da zare ya fito. Gogan ya shigo yana tsalle-tsalle yana saran iska, wando na kaɗawa kamar shanya. Sai ya tuna a fim ba a fara faɗa sai an rusuna an gaisa. Ya sunkuyar da kai. Sai kuma ya ga ai Isyaku ya girme shi nesa ba kusa ba, ga dattawa sun zuba ido. Wa zai gai da babba a tsaye a Wudil? Ya zube, gwiwa biyu a ƙasa, har da dafa hannu.

Kalangai suka ɓarke. Aka ɗaga hannun Isyaku, fili ya kaure da dariya. Rabi'atu ta ɗora ƙwaryarta a ka ta juya.

Gogan ya miƙe yana ɗaga hannuwa. "Ku tsaya, ai ba a fara ba! Wallahi gaisuwa nake yi!"

Isyaku ya dube shi yana warware zaren hannunsa.

"Lafiya lau, mun gode. A gai da gida."